Laya Ta Bakwai a Teburin Dapango

Ban taɓa mantawa da ranar da aka jera layu goma sha ɗaya a kan teburin ofishin Dapango aka ce a farke su ɗaya bayan ɗaya a gabana ba. Ranar Talata ce, a ƙarshen damina, shekara guda da 'yan watanni bayan Jamus ta shiga Faris. Ku da kuka shigo aikin fassara yanzu kuna yawan tambayata inda na koyi Ingilishi, alhali makarantar Faransa na yi. To ga amsar, ko da yake ba duka nake alfahari da ita ba.

Bari in fara da yadda aka tsara aiki a wancan zamani. Gwamna yana Lome. An raba ƙasa yanki-yanki, kowane yanki da kumandansa, Bature. Manyan yankuna kuma an sake tsaga su, aka ɗora wa kowane tsagi ƙaramin Bature da muke kira shef. Dapango tsagi ne na yankin Mango. Mu baƙaƙen ma'aikata muna ƙasa: akawu, tafinta, sai gardi masu jar hula, waɗanda su ne 'yan sandan kumandan. Ni tafinta ne mai mataki na uku a ofishin Sokode, wato na ƙarshe a layi. Ina jin Hausa da Kotokoli da Faransanci, kuma da yake na yi allo a Zongo kafin a kai ni lakwal, makarantar bokon Faransa, ina karanta ajami.

Da Faransa ta faɗi, Turawanmu suka juya wa Ingilishi baya. Aka rufe iyaka tsakaninmu da Gwalkos, ƙasar da Ingilishi ke mulka, aka hana sauraron rediyonsu. Wanda aka kama da takardar da ta tsallako iyaka, kotun soja ake kai shi, kuma mun san ba kowa ke dawowa daga can ba. A kasuwa mutane sun daina ambaton yaƙi, sai dai su ce "abin nan".

A daidai wannan lokaci ne zuciyata ta ga damar kamuwa da son Ingilishi. Rakiya ce sanadi, 'yar wani mahauci a unguwarmu, wadda daga baya ta zama uwar 'ya'yana. Wata rana na bi ta ƙofar gidansu da farin kwat ɗina, ina tafiya kamar ni na gina Sokode, sai ta ajiye taɓarya ta ce, "Sannu, tafintan mutum ɗaya. Ran da kumandanka ya koma garinsu, wa za ka riƙa fassara wa, awaki?"

Maganar ta soke ni kamar ƙayar aduwa, amma da na zauna na cire ta sai ta zama mafarki. Na riƙa ganin yaƙi ya ƙare, an taru a wani babban zaure mai fitilu, manyan duniya suna raba ƙasashe, ni kuma ina tsaye a tsakiyarsu, wannan ya faɗa in juya wa wancan. A cikin mafarkin kullum akwai wata taga, kuma a bayan tagar akwai Rakiya da koren ɗankwalinta tana kallo. Shekarata ashirin da huɗu, kada ku yi mini dariya da yawa.

Na je wurin Baba Garba, aminin mahaifina. Falke ne, yana sayen shanu a arewa ya kora su Bawku, a ɓangaren Ingilishi, ya dawo da goro da atamfa. Rufe iyaka bai hana shi ba, hanyar daji kawai ya koma bi. Ya yi shekara goma sha biyu a Kumasi, yana jin Ingilishi da kunne.

Ya ce, "Na ciniki kake so ko na zagi? Duka biyun ina da su a buhu."

Na ce, "Na manya nake so, Baba. Wanda ake raba duniya da shi."

Ya ce, "Wannan ba ni da shi. Amma akwai wani malamin makaranta a Bawku da ke sayen nono wurin matar mai masaukina, kullum kunnensa na jikin rediyo. In ka rubuta abin da kake so, sai in tambayo maka."

Ga dabarar da muka yi. Zan ɗauki takarda in ja layi a tsakiya. A hannun dama in rubuta kalmomin Hausa da ajami. In naɗe, in kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya. Baba Garba ya rataya a wuya tare da sauran layunsa. In ya isa Bawku ya farke, malamin ya faɗa masa kalmar Ingilishi, shi kuma ya rubuta ta a hannun hagu da ajami yadda kunnensa ya ji. A sake ɗinkewa, ya dawo mini da ita. Mun tabbata babu mai taɓa mu, don a duk ƙasar nan babu gardin da zai sa wuƙa a layar wani. Musulminsu na jin tsoron Allah, wanda ba Musulmi ba yana jin tsoron abin da zai fito daga ciki.

Sau huɗu muka yi haka lafiya. In ya sauka Sokode, bayan la'asar mukan zauna ƙarƙashin mangwaro a bayan masallaci, yana faɗa ina maimaitawa ƙasa-ƙasa. Daula, empaya. Yarjejeniya, tiriti. Ƙawance, alayans. Ƙasar da ta ce ba ruwanta da faɗan, niyutural. Manyan ƙasashe kuwa giret fawa, wanda ya sa Baba Garba ya ce, "Ka ga su ba su ɓoye ba. Fawa suke yi, mu ne naman." Malamin Bawku ya aiko da bayani cewa tsofaffin dauloli sun gaji, akwai masu tasowa, Amurka da Rasha da Japan, kuma wanda bai iya sunayen abubuwa ba, ba zai gane ran da aka sayar da shi ba. Nakan tafi gida ina juya kalmomin a baki kamar alewa.

Kuskure biyu na yi, dukansu na son burgewa. Na farko, na sa baduku ya yi wa layar ado da koren zare a gefe, saboda ɗankwalin nan. Na biyu, maimakon tawadarmu ta gawayi da ƙaro, sai na riƙa rubutu da alƙalamin ƙarfe da tawadar ofis, mai launi tsakanin shuɗi da ja, don ta fi fitar da hannuna da kyau.

Wata safiya kumandan ya kira ni ya ce waya ta zo daga Mango. An kama fatake suna tsallakowa daga Bawku, sabon shef na Dapango yana zargin ana aika saƙo cikin layu, kuma yana son tafintan da ya iya ajami. Kwana biyu na yi a bayan motar da ke tafiya da gawayi, don babu fetur. Duk hanya ina lallashin kaina cewa fatake sun fi ɗari a wannan iyaka.

Da na sauka, na tarar da mutum tara zaune a rana a farfajiyar ofis, an ɗaure su da igiya guda. Na huɗu daga dama Baba Garba ne. Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya mai da kai ƙasa. Mutumin da ya yi mini huɗuba a kunne, na wuce shi ban gaishe shi ba.

Dokar binciken takarda a lokacin ita ce kada mutum ɗaya ya karanta kuma ya fassara. Mai karatu daban, tafinta daban. Mai karatu ya karanta da ƙarfi, tafinta ya juya wa shef, sannan tafinta ya karɓi takardar ya duba ko an tsallake wani abu, ya sa hannu. A gefe kuma a tsayar da gardi mai jin harsunan biyu, don ya ji in tafinta ya rage ko ya ƙara. Kowa mai gadin ɗan'uwansa ne. Mai karatu a ranar shi ne Malam Idi, limamin Zongon Dapango, dattijo mai doguwar furfura. Gardin kuwa Saja Kombate ne, mutumin Moba, tsohon soja. Kafin a fara, shef ya sa na rubuta sunan mai kowace laya da ajami a 'yar takarda don Malam ya riƙa kira. Na tsoma alƙalami a tawadar shef na rubuta, na miƙa masa.

Shef ɗin saurayi ne siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Na fi tsoron irinsu da masu ihu. Babu gardin da ya yarda ya farke layun, sai shi ya zaro 'yar wuƙarsa ya riƙa yi da kansa.

Shida na farko ba komai: ayoyi, hatimi, tsari daga maciji da ɓarayi. Ta huɗu ta neman soyayyar wata Lami ce, mai ita kuwa tsoho ne ba haƙori, har Saja ya juya fuska bango yana tari. Ni ban iya ko murmushi ba, don tun da aka jera layun na ga ta bakwai, da koren zarenta.

Na san abin da ke ciki, don ni na zaɓa. Ƙasa mai tasowa. Toshe hanyar teku. Jirgin ƙarƙashin ruwa. Sauka a gaɓa. Sauya ɓangare. 'Yantar da ƙasa. Shigar Amurka yaƙi. A Sokode, ƙarƙashin mangwaro, darasi ne. A kan wannan tebur, da Ingilishi a gefensa, da hannun ma'aikacin gwamnati, ko ni ne alƙali ɗan leƙen asiri zan ce.

Shef ya farke, ya miƙa wa Malam Idi. Malam ya warware takardar yana bi da ido. Na ga idonsa ya gangara hannun dama, ya haura hannun hagu, sannan ya koma kan 'yar takardar sunayen da na rubuta masa. Bai dube ni ba. Ya ninke takardar ya ajiye, ya ce, "Ɗana, faɗa wa Bature alwalata ta karye. Tsufa ne. Ba na taɓa irin waɗannan sai da tsarki."

Na fassara. Shef ya duba agogo ya ce a yi sauri. Saja ya raka shi baranda da butarsa.

Ban san minti nawa suka yi ba. Takardar tana tsakanina da shef, tana buɗe kanta a hankali kamar fure. Ina jin ƙarar ruwa a waje. Shef ya sa yatsa ya jawo takardar gabansa, ya dube ta a kife, don bai san ta inda ake farawa ba. Ya ce, "Wannan kala biyu ce." Na ce, "Haka ne, mon shef."

Malam Idi ya dawo bai goge ruwan alwala ba, kamar yadda dattawa da yawa ba sa gogewa. Gemunsa na ɗiga, hannuwansa sharkaf. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya shimfiɗa takardar, ya sa tafin hannu ya share ta daga sama zuwa ƙasa kamar mai miƙe ninki. Ya sake yi. Duk wanda ya taɓa wanke allo ya san abin da ruwa ke yi wa tawadar gawayi. Rubutun Baba Garba ya narke ya zama baƙin tabo. Nawa kuwa ya ɗan baje, amma tawadar gwamnati ta riga ta kama takarda, kowane harafi yana nan tsaye.

Shef ya cire tabarau ya tambayi Saja da Faransanci, "Da gangan ya yi?"

Saja yana kallon bango ya ce, "Tsoho ne, mon shef. Haka suke wanka kafin salla."

"To ya karanta abin da ya rage."

Malam ya karanta, ni kuma na juya kalmomina da bakina, ɗaya bayan ɗaya, ban rage ko guda ba, don Saja yana ji. Da na kai kan Amurka, alƙalamin shef ya tsaya. Ya tsoma shi a tawada, ya ja ɗan layi kusa da rubutuna, ya ɗaga takardar wajen taga. Launi ɗaya ne.

Ya ce, "Ba a sayar da wannan a kasuwa. A kawo mai layar."

Aka shigo da Baba Garba. Shef ya tambayi wanda ya rubuta, na fassara. Baba Garba ya ce, "Gaya masa, ransa ya daɗe, layu da yawa na rataya a rayuwata. Ban riƙe fuskar kowa ba." Na juya wannan ma. Sau uku aka tambaye shi, sau uku ya ba da amsa ɗaya, yana kallon ƙafar tebur.

Shef ya ce, "Faɗa masa gobe za a wuce da shi Mango, daga can Lome, kotun soja. A can za su taimaka masa ya tuna."

Aikina ne in faɗa. Na juya wajen Baba Garba na ce, "Ya ce gobe za a wuce da kai Mango." Sauran ya ƙi fita. Baba Garba ya ɗan girgiza mini kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura, wato in yi shiru in ƙarasa aikina. Ba jarumta ce ta motsa ni ba. Kawai na ga ba zan iya komawa Sokode in shiga zauren mahaifina in ce na fassara wa amininsa hukuncin laifina ba. Na juya na ce da Faransanci, "Mon shef, ni na rubuta."

Shef ya mai da tabaransa ya ce, "Don me?"

Na ce, "Tsoro. Abubuwan da ake raɗa ne a kasuwa, suna hana mu barci. Na rubuta su aka ɗinke, na ba shi ya kai su nesa da gida, tunda shi ke bin hanya." Wannan ita ce ƙaryar da na yi a bakin aiki, ita kaɗai cikin shekara talatin da ɗaya.

Ya sa na tambayi Malam ko ana yin haka. Malam Idi ya ce, "Mutane na ɗaure abin da suke tsoro cikin fata tun kafin a haifi kakana." Shef ya tambayi abin da ke ɓangaren da ya goge. Malam ya ce, "Ba na karanta abin da ba na gani."

Shef ya duba kalmomin da ya rubuta a takardar bincike. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kai kana ganin Amurka za ta shigo?"

Na ga rami gaba da baya. In na ce e, na zama mai fatan nasarar Ingilishi. In na ce a'a, na nuna ina bin labarin. Na ce, "Mon shef, ni tafinta ne. Sai wani ya faɗa nake faɗa."

Ya juya yana kallon taga. Daga baya akawun ofishin ya gaya mini cewa matarsa da 'yarsa suna can a ɓangaren Faransa da Jamus ta mamaye, kuma wata bakwai bai sami wasiƙa ba. Ban san ko ya yarda da ni ba, har yau ban sani ba. Abin da ya rubuta dai shi ne: camfin baƙar fata, ba shi da muhimmanci.

Amma ba a bar mu haka ba. Ni aka ba ni kwana goma sha biyar a gidan kaso saboda amfani da kayan gwamnati da hulɗa da masu tsallake iyaka, aka cire mini mataki, aka mai da ni Blita, ƙarshen layin dogo, in riƙa fassara tsakanin shugaban tasha da 'yan dako. A ranar farko a kaso na kasa cin abinci, sai Saja Kombate ya turo ƙwaryar da ƙafa ya ce da Hausarsa, "Takarda ya mutu, kai ba ka mutu ba. Ci tuwo." Fataken tara aka ƙwace kayansu, aka sa su aikin hanya wata biyu. Baba Garba ya haura sittin a lokacin. Ya dawo Sokode da baya a tanƙware, bai sake kora shanu ba.

Ran da aka sake ni na je gaishe da Malam Idi a zaurensa. Na fara godiya, ya katse ni ya ce, "Ni alwala na yi, ban san abin da kake gode mini ba." Da na tashi tafiya ya ce, "Ɗana, neman sani ba laifi ba ne. Amma in za ka ɗauko wuta, ɗauko ta da hannunka. Kai a wuyan tsoho ka rataya ta."

Bayan shekara guda da wani abu iska ta juya, Turawanmu suka koma ɓangaren Ingilishi da Amurka, aka buɗe iyaka. Sai ga takarda tana yawo ofis-ofis ana neman ma'aikacin da ke jin Ingilishi, za a ƙara masa mataki. Kwana uku tana kan teburin tashar Blita ina wuce ta kamar maciji. A na huɗu na je Sokode na tambayi Baba Garba ko in sa sunana. Yana kwance a tabarma ya ce, "Sa mana. Ai da bayana aka saya maka su, kada su ruɓe."

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Za a koya muku cewa tafinta bututu ne, magana ta shiga nan ta fita can. Ba haka ba ne. Kalmar da take darasi yau tana iya zama laifi gobe, jibi kuma a ba ka girma saboda ita, kuma ba kai ke zaɓen ranar ba. Manya suna sauya ɓangare ba su yi asarar ko maɓalli ba, na ƙasa ne ake samu da takarda a wuya. Saboda haka kafin ku rubuta abu ku ba wani ya ɗauka, ku tambayi kanku wa za a kama da shi. An tsara teburin Dapango ne don mu ukun mu tona wa juna asiri, ni da Malam da Saja, kuma babu ɗayansu da ya taɓa ganina kafin ranar. Su biyun sun rufa nawa ba tare da na roƙe su ba. Wanda ya ɗauki nauyin kuwa ya rasu yana salla a zaune, don bayansa bai sake miƙewa ba.